Ragowar Kunun Iya

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Kalilu a Mai'adua, kuma katangar ba wani tsayi gare ta ba, in na taka turmi ina hango tsakar gidansu har da abin da ke kan murhu. Kada wani ya ɗauke ni magulmaciya, ta nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi ni da matarsa Barakatu. Saboda haka abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani kuma daga bakin mai gidana na ji, wanda 'yan kara suke kira Mati Dillali, don kasuwa ɗaya suke ci da Kalilu.

Kalilu ɗan lodi ne a kara, wato kasuwar shanu. Ran Lahadi in shanu suka ƙetaro daga Nijar aka gama ciniki, su ne masu hawar da su tirela a yi Kudu da su. Akwai bijimin da zai taka katakon hawa ya shige salin-alin, akwai kuma wanda da ya ga bakin mota sai ya tuna dajin da ya baro, ya kafe, ya yi watsi da duk wanda ke riƙe da igiya. Irin wannan shi ake kira wa Kalilu. Yana da wata 'yar kwalba da sirinji a aljihun gaba, allurar kwantar da dabba, wadda ake saya a teburin masu maganin dabbobi a bakin kara. Sai ya tsaya ya dubi san tun daga tozo har gindi, ya ɗan karkata kai, ya zuƙi abin da idonsa ya ba shi, ya soka masa. Jim kaɗan sa ya sunkuyar da kai, leɓe ya saki, yawu na zuba, a ja shi ya bi. Mai gidana yana cewa Kalilu bai taɓa zarce wa sa allura har ya faɗi ba, bai kuma taɓa gazawa ba. Idonsa shi ne sikelinsa, kuma ya yarda da idon nan fiye da kima, wannan kam ni na faɗa.

Shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifiyarsa Iya, shi ne kuma auta. Yayarsa Murjanatu tana aure a Baure. Iya tana nan a ɗakin da aka kawo ta tana amarya, kuma kafin tsohonsu ya cika sai da ya kama hannun Kalilu ya ce ga amanar uwarsa nan, kada ta koma zaman gidan suruki yana raye. Kalilu ya riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Ban taɓa ganin namijin da ke wanke wa uwarsa buta da kansa ba sai shi, har tsiya nake yi masa ta kan katanga, in ce ya bar wa Barakatu ɗan lada mana.

Da gigin tsufa ya fara kama Iya, dariya muka riƙa yi, Allah ya yafe mana. Ta zuba gishiri a kunu, ta yi la'asar ta sake tashi ta yi wata, ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Dariyar ta tsaya ne ranar da ta fara ɗaure ƙunshi. Sai ta haɗa zane da carbi da 'yar ƙwarya, ta ɗora a ka, ta ce gida za ta, ƙauyen mahaifinta can gaba da Zango, wai innarta tana jiranta ta koro awaki. Da rani abin da sauƙi, gonaki fayau, tun daga nesa ake hango ta, duk mai mashin da ya ci karo da ita ya san ta, ya lallaɓa ta ya dawo da ita. Amma da damina ta yi nisa, gero ya wuce kan mutum, kududdufai suka cika, sai fitar Iya ta zama abin tsoro. Wata Lahadi ta fice da hantsi, ba a gan ta ba sai dab da magariba, wasu masu komowa daga gona suka same ta zaune a bakin wani kududdufi wajen iyaka, zanenta a jiƙe har ƙugu, ƙafafunta duk kaushi ya fashe yana jini.

Washegari Murjanatu ta iso. Mace ce mai magana ɗaya, kuma ba na ganin laifinta, uwarta ce ita ma. Ta ce gidansu na Baure gidan yawa ne, mata cike, ƙofa ɗaya, kullum da ido a kanta. Nan kuwa Barakatu ce kaɗai, ga tsohon ciki ko sunkuyawa da ƙyar take yi, ga Firdausi da ba ta daɗe da yaye ba tana bin zanenta. Ko dai a rufe Iya a ɗaki, ko a ɗaura mata zane a ƙafa a haɗa da ƙafar gado, ko a ba ta ita ta tafi da ita.

Rufewar an riga an gwada. Iya ta yi ta bugun ƙofa tana kiran sunayen matattu su zo su buɗe ta, unguwa duk ana ji, har Kalilu ya buɗe yana share ido da hannun riga. Ɗaurin kuwa ko sauraro bai yi ba.

"Yaya, yini nake ina ɗaure shanu," in ji shi. "Ba zan dawo gida in ɗaure wadda ta haife ni ba."

Murjanatu ta dube shi ta ce to ta ji, ta bar masa. Amma in Iya ta sake ɓata, ko wani abu ya faru ta dalilin wannan zama, da mota za ta zo, kuma ba shawara za ta zo yi ba. Ya ce ya yarda.

Sauran ranaku ba su da matsala. Gonarsa tana bayan gari kaɗan, sai ya ɗauki Iya a mashin ya shimfiɗa mata tabarma a gindin kuka, yana aiki yana ɗaga kai. Lahadi ce damuwar. Tun asuba yake kara sai bayan isha, kuma ran Lahadi garin nan kowa na kasuwa, ni kaina tun safe nake kan tukunyar abincin sayarwa ana ɗauka ana kaiwa. Ya je kyamis neman maganin barci, mai kyamis ya ce sai da takardar likita, don a shekarun nan da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe gidajen giya, samari sun koma wa ƙwayoyi, an sa wa masu kyamis ido. Zuwa wajen likita kuwa Kalilu yana tsoron a ce a kai ta asibitin masu taɓin hankali, sunan uwarsa ya shiga bakin mutane. Daga baya ya gaya wa mai gidana cewa a kara tunanin ya zo masa, yana kallon wani jan sa da ya gama yi wa allura. Ba duka, ba igiya, ba ihu, dabba tana tsaye abinta cikin natsuwa. Ya ce a ransa, ashe akwai hanyar da ba wulaƙanci a cikinta.

Don a yi masa adalci, da kansa ya fara. Wani yammaci ya ɗiga maganin kwalbar nan a shayinsa ya sha, ya yi barci mai nauyi, ya farka da bushewar baki da ɗan jiri, ya ce ai ba komai. Sannan ya zauna yana kallon Iya tana alwala, ya karkata kai yadda ya saba, ya auna ta. Ya ga ba ta kai nauyin ɗan maraƙi ba, sai ya rage, ya sake ragewa don tsufa. Allura kam ba zai iya soka mata ba, a kunu ya ga ya dace. Har yau in na tuna mutum ya dubi uwarsa da idon da yake duban dabba, kuma don tsabar so ya yi hakan, sai in rasa haushi zan ji ko tausayi.

Ya gaya wa Barakatu cewa wata addu'a ya samo, ran Lahadi shi zai riƙa ba Iya kununta da hannunsa. Ba ƙarya ce zalla ba, tofin yana yi, sai dai bayan ya juya baya ya ɗiga abin da zai ɗiga. Yakan durƙusa gabanta da 'yar ƙwarya, ya lallashe ta har ta shanye, ya ɗauraye ƙwaryar da kansa ya kife, sannan ya tafi. A lokacin Firdausi ba ta ma tashi daga barci ba. Iya kuwa sai ta koma gado, ba ta motsawa sai la'asar, ta tashi jiki a mace, ko tunanin ƙunshi ba ta yi.

Haka aka yi Lahadi bayan Lahadi, muna ta sa albarka. Barakatu ta samu ta huta, fuskarta ta cika. Ni da bakina na roƙe shi ya rubuto mini addu'ar nan ko zan samu sauƙin ciwon kan da ke hana ni barci, ya yi 'yar dariya ya ce ba a ba shi izinin bayarwa ba.

Ranar da abin ya faru, motocin Kudu sun kwana a kara, direbobi suna sauri, tun gari bai gama wayewa ba aka aiko mashin ya ɗauke shi. Kunu bai dahu da wuri ba, itace ya sha ruwan daren jiya. Da aka sauke ya zuba, ya yi abin da ya saba, ya kai wa Iya, ta ce da zafi. Mai mashin yana ta danna oda a ƙofar gida. Kalilu ya sa mata ƙwaryar a hannu, ya ce wa Barakatu ta ga ta shanye, ya fita yana saka hula.

Abin da bai saka a awonsa ba shi ne halin uwarsa. Iya ta manta yawan raka'o'i, wani lokaci ta manta sunan 'ya'yanta, amma irin tsofaffinmu ce da ba sa shanye abu su kife ƙwarya alhali da yaro a gida. Ko ƙosai ɗaya aka ba ta sai ta gutsura ta ƙulle sauran a bakin zane. Ƙarar odar ta ta da Firdausi, ta fito tana murza ido, ta nufi ɗakin kakarta kamar kullum. Iya ta kurɓa sau ɗaya ko biyu, ta ce, "Zo, ƙawata, ga naki." Barakatu tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Kunu ne mai tofi, wace uwa ce za ta hana 'yarta?

Da rana ta ɗaga na taka turmi zan karɓi rariya, tawa ta yage. Gidan tsit. Barakatu tana wanki a zaune, ta ce mini yau Allah ya ba ta hutu biyu, tsohuwa na barci, yarinya na barci. Na dubi rumfa na ga Firdausi kwance a tabarma, rana ta zagayo ta sauka a kan ƙafafunta ba ta janye ba. Ƙudaje sun taru a gefen bakinta inda yawu ya gangaro, ko hannu ba ta ɗaga ba. Yarinyar da ko ƙuda ɗaya ya sauka mata sai ta yi ƙara. Na sauka daga turmin na zagaya ta ƙofa.

Da na ɗaga ta sai kanta ya langaɓe, hannuwa suka zube. Jikinta sanyi, ga shi ana zafi. Numfashin yana nan, amma sai ka jira ka jira kafin wani ya biyo wani. Na kira sunanta, na yayyafa mata ruwa, na mintsine ta a cinya, ta ɗan yi ƙugi ta koma. Barakatu ta taso da kumfa a hannu tana salati. Ni abin da ya zo mini shafar iska ce, don kwanan nan yarinyar tana yawan wasa a gindin tsamiyar bayan gida, har na fara karanta abin da na iya ina tofa mata. Da na ga ba canji na fita na tare wani mai mashin, na ce ya je kara ya ce wa Mati Dillali da Kalilu su zo yanzu, ko sa na kan katako su sake shi.

Tare suka shigo. Kalilu bai tambayi komai ba, ya durƙusa ya sa babban yatsa ya ɗaga fatar idonta, ya dubi leɓenta da ya saki, ya ɗora tafin hannu a ƙirjinta yana jira. Na ga fuskarsa ta canja, ba irin ta wanda ya ruɗe ba, irin ta wanda ya gane. Abin da yake gani duk Lahadi ne a bakin tirela.

"Ta sha kunun Iya?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Barakatu ta ce ta sha.

Ya saɓa ta a kafaɗa ya fita. Mai gidana ya tare motar haya a bakin titi, suka sa Barakatu a gaba, suka yi asibitin Daura. Ni aka bari da Iya.

Tunda kurɓa kaɗan ta yi, ba ta kai la'asar ba ta farka. Ta fito tana dafa bango, ta tambaye ni ina mutanen gidan, na ce sun je unguwa. Ta koma ta fara haɗa ƙunshinta. Ni ba ƙarfin riƙe ta gare ni ba, ga zuciyata tana Daura, sai na ɗauko kwandon gyaɗa na ajiye a gabanta, na ce Iya taimaka mini da ɓara, baƙi zan yi. Ta ajiye ƙunshin ta zauna. Hannunta bai manta aiki ba, tana ɓara tana ba ni labarin awakin innarta, da wata baƙar akuya mai satar dawa. Can na ga tana ware manyan ƙwayoyin gefe guda a kan zanenta. Na ce na wa? Ta ce na ƙawarta ne, in ta tashi daga barci. Na juya na yi kamar ina gyara murhu don kada ta ga idona.

Abin da ya faru a asibiti mai gidana ne ya ba ni labari. Ya ce da suka shiga aka kwantar da yarinyar, likita ya duba idonta ya ji bugun zuciyarta, ya juyo ya tambaya me ta sha. Barakatu ta ce kunu ne kawai, na tofi. Likitan ya ce wannan ba aikin kunu ba ne, a tuna da kyau, ko akwai maganin wani babba da ta ɗauka, don in bai san abin da yake faɗa da shi ba lokaci zai ƙure. Ɗakin cike da mutane, masu jinya da 'yan dubiya, har da wasu 'yan garinmu. Mai gidana ya ce sai Kalilu ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da kwalbar ya ajiye a kan tebur. Ya faɗi komai, bai rage ba, tun daga shayin da ya gwada a kansa har yawan Lahadin da ya yi yana ba tsohuwa.

Likitan ya karanta jikin kwalbar, bai tsaya faɗa ba, ya ba da umarni aka shiga aiki. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗora mata abin numfashi a hanci, aka yi mata allurar da za ta ɗaga bugun zuciya. Sai da ya ga ta ɗan daidaita sannan ya kira Kalilu gefe. Ya ce masa wannan magani ba a yi shi don mutum ba ko kaɗan, abin da sa zai ɗauka ya tsaya da ƙafafunsa yana iya tsayar da zuciyar mutum, kuma ba idon da ke auna shi. Ya ce tsohuwar da ake ba wa, kowace Lahadi cikin waɗannan tana iya zama ta ƙarshe, a kawo ta ita ma a duba. Kwalbar kuwa ya jefa ta a durowa bai mayar ba.

Barakatu ba ta yi kuka a lokacin ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Tana zaune a bakin gadon riƙe da ƙafar 'yarta, ta dubi mijinta ta ce, "Ta so ta bari, Malam. Ta ce da ɗaci. Ni na ce ta shanye, akwai addu'ar Babanta a ciki."

Mai gidana ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kalilu ya fita ya zauna a ƙasa a jikin bangon ɗakin, bai tashi ba sai da aka kira salla.

Allah ya yi da sauran kwana. Washegari da hantsi Firdausi ta buɗe ido ta nemi ruwa, ta kuma yi kuka da aka hana ta sauka daga gado, kukan da ya fi mana kowace guɗa daɗi. Aka riƙe ta 'yan kwanaki ana dubawa. Aka kai Iya ita ma, aka ce zuciyarta ta yi rauni amma za ta murmure in an daina, aka rubuta mata wani magani na mutane, aka kuma yi wa Kalilu bayanin cewa ciwon nata ba hauka ba ne, tsufa ne, kuma da ya kawo ta tun farko ba inda za a tura ta. Wannan maganar ta ƙone shi ƙwarai.

Labari ya riga kowa isa Baure, direbobin hanyar nan ba sa riƙe magana. Murjanatu ta sauka a asibitin kai tsaye. Na zaci za a yi tashin hankali, har na ce wa mai gidana ya tsaya kusa. Ba ta yi ba. Ta karɓi jinyar daga hannun Barakatu, ta ce ta je ta kwanta ta huta da cikin nan, ta yi wa yarinyar wanka, ta yi mata kitso. Kalilu yana zuwa ya gaishe ta ta amsa, ba ta ƙara komai. Sai ranar da aka sallamo su, bayan an ci abinci, ta kira shi ɗakin Iya. Ina tsakar gida ina taya Barakatu tankaɗe, ƙofa a buɗe.

"Auta, na san ba mugunta ka yi ba," in ji ta. "Amma mun yi magana da kai. Ran Juma'a mota za ta zo."

Na jira in ji ya kawo maganar mahaifinsu, ko ya ce ai yanzu ga maganin asibiti, ko ya ce zai bar kara. Duk yana da bakin faɗa. Amma sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

Shi ya haɗa kayan da hannunsa, bai bar kowa ya taɓa ba. Ya naɗe katifa, ya wanke fanteka da buta, ya jera ƙore cikin juna ya ɗaure da tsumma don kada su fashe a hanya. Ya sayo mata sababbin silifa. Ya zauna ya yi ta yi wa Murjanatu bayani, Iya ba ta son tuwo da zafi, in ta fara neman ƙunshi a ba ta aikin hannu, da dare a bar mata fitila. Murjanatu tana ta cewa to, ba ta ce masa ita ma ta san uwarta ba, na kuwa yaba mata da wannan.

Ran Juma'a da safe mota ta tsaya a ƙofar gida. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Matan unguwa muka fito rakiya, Barakatu tana jingine da ƙofar zaure, Firdausi a gefenta tana cin gyaɗa. Iya ce kaɗai mai murna a wurin. Da ta ga ana ɗora kayanta a mota sai fuskarta ta washe, ta ce yau dai Allah ya kawo mai kai ta gida, innarta ta gaji da jira. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana sallama, tana neman gafara, tana cewa mun riƙe ta da kyau a baƙunci.

Kalilu ya ɗauke ta cak ya zaunar da ita a kujerar gaba, ya tattara mata bakin zane don kada ƙofa ta kama, ya sa mata carbinta a hannu. Zai ja da baya ta riƙe masa yatsu, ta ɗaga kai tana dubansa da kyau.

"Yaro, kai ɗan wane gida ne?"

"Ɗan nan gidan ne, Iya."

"Allah ya yi maka albarka, ka yi mini ɗawainiya. In ka shiga ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce na gode."

Ya gyara mata mayafi a kafaɗa.

"Za ta ji, Iya," in ji shi.

Ya rufe ƙofar a hankali, direba ya ta da mota. Muka watse ɗaya bayan ɗaya, shi yana nan tsaye a bakin hanya har motar ta sha kwana.